Kiret biyu na ƙwai da na zubar saboda tsinken sakace

Na fara ganin ƙwan da ake jiƙawa a ruwan khal ne a Ingila, cikin wata ƙatuwar kwalba a kan kantar masu sayar da soyayyen kifi da dankali, kuma tun daga lokacin na ƙudurta cewa sai na yi shi a wani taro na gidanmu. Da walimar ƙanwata ta matso, sai na ɗauki nauyin abin taɓawa, na sayi kiret biyu, wato ƙwai 60, na dafa, na ɓare, na tafasa ruwan khal da gishiri da sukari da kanumfari da tafarnuwa, na zuba zoɓo domin ya ba da launi.

Manyan ƙwai suna bukatar mako biyu zuwa huɗu kafin tsamin ya ratsa su sosai, ni kuwa kwana goma kawai nake da su. Saboda haka na ɗauki tsinken sakace na bi su ɗaya bayan ɗaya ina hudawa har cikin gwaiduwa, ina ta yaba wa kaina wannan dabara. Bayan kwana huɗu taransifomar unguwarmu ta lalace, firji ya yi kwana biyu babu sanyi, amma ban damu ba, domin a tunanina abin da ke cikin tsami ba ya lalacewa.

Yayana, wanda ma'aikacin lafiya ne, shi ya tarar da kwalaben a kicin, ya ɗaga ɗaya ya ga ƙananan huji a jikin ƙwan. Ya ce, "Ke, wa ya ce ki huda su?" Na ce, "Yaya, ai don su yi saurin kamawa ne." Nan ya ba ni labarin wani dattijo mai shekara 68 a jihar Ilinoi ta Amurka, wanda a 1997 ya kamu da cutar botulizim bayan ya ci irin wannan ƙwai da aka huda da tsinke aka ajiye ba a cikin firji ba. Tsinken yana iya tura ƙwayar cutar zuwa cikin gwaiduwa, inda babu iska kuma tsamin bai kai ba, kuma gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi ba tare da lallai ƙwan ya yi wari ba. Na shinshina, babu abin da na ji sai ƙamshin kanumfari, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin da haka zan jera su a faranti a gaban tsofaffi da yara.

Da hannuna na juye su a shara, jajaye, kyawawa, babu ko ɗaya da ya fashe wajen ɓarewa.

Kwana huɗu suka rage, sai na koma kasuwa na sayi ƙwan salwa, wanda ƙanƙantarsa ta sa tsami yake saurin kama shi. Na duba jikin kwalbar khal na tabbatar ƙarfinsa kashi 5 cikin ɗari ne, na tabbatar ruwan ya rufe ƙwan gaba ɗaya, sannan na kai wa maƙwabciyarmu mai sola ajiya. Ranar walima ban fito da su gaba ɗaya ba, faranti ɗaya nake kawowa, idan ya ƙare in ƙaro, domin bai kamata su wuce awa biyu a waje ba, balle a zafin Kano. An cinye su tas, har wata gwaggonmu tana tambaya ko ƙwan wane tsuntsu ne mai ja haka. Tsinken sakace dai na sake amfani da shi, amma a kan faranti, a lokacin da za a ci, kuma har yau idan na wuce wurin mai ƙwai na ji kuɗin kiret sai raina ya sosu.