Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har muka gama ɗaukar fim

Alhamdu lillahi. Jiya da asuba muka ɗauki fitowa ta ƙarshe, bayan kwana 12 a ƙauye da kyamara ɗaya da janareton aro. Fim ne na ban tsoro, amma labarin cikin gida ne: uwa da 'ya'yanta uku, da amaryar da ta gano cewa naman mutum ake dafawa a tukunyar da aka hana ta buɗewa. Abin da ya ci mini rai har na rubuta shi, shi ne yadda dangi ke binne ɓarnar nasu da sunan rufin asiri.

Godiyata ta farko ga Mai Unguwa take. A dare na huɗu wani yaro ya leƙo ta katanga, ya hango ƙasusuwa da ƙwarya cike da jini a kan tabarma, ya ruga yana ihu. Kafin mu ankara matasa sun cika ƙofar gida da gora da adduna, ana ta cewa matsafa ne. Wallahi na sadaƙar. Sai ga Baba Mai Unguwa da tocilarsa, ya tsaya a bakin zaure, ya sa aka miƙo masa ƙwaryar, ya tsoma yatsa ya lasa a gaban kowa. Zoɓo ne da sitaci da ɗan zuma. Ƙasusuwan kuwa na saniya ne, a Abbatuwa muka sayo su. Ranka ya daɗe, ka tsare mana rayuka da mutunci. Allah ya ja zamaninka.

Hajiyarmu da ta fito a uwa, rabin kuɗinki kika karɓa, kika kwana kina maimaita fitowa ɗaya cikin sanyin hunturu ba ki taɓa ɓata rai ba. Mai kwalliya, mai ɗaukar hoto, yaran fitila, matan gidan da suka riƙa aiko mana da kunu da ƙosai, Allah ya biya ku.

Inna, kin ce labarin ya tayar miki da hankali, amma kwasar adashinki kika ba ni. Allah ya ba ni ikon kyautata miki.

Yanzu sai aikin haɗa hotuna a Titin Gidan Zoo da ke Kano, daga nan mu kai wa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano kafin ya hau YouTube. Mutanen unguwar da muka firgita a wancan dare, don Allah ku yafe mana, ku ne za ku fara kallonsa in sha Allahu.