Layi huɗu da na rubuta a saman fom ɗin oda

Ni fa turaren wuta da humra nake sayarwa a Kano, shekaru ina yi ta WhatsApp da Instagram lafiya lau, sai ƙanina da ya karanci kwamfuta ya matsa min wai Yaya a buɗe miki shafin intanet, mutane su riƙa yin oda da kansu ki huta da amsa "nawa ne" sau ɗari a rana. Na ce to a yi. Aka buɗe, ya yi kyau ba laifi, amma ciniki shiru. Ya nuna min a kwamfutarsa yadda mutane ke shiga su zaɓi kaya har kwalba uku huɗu, da an zo wajen rubuta suna da lambar waya da adireshi sai su ɓace ɓat. Na zaci kuɗin kai kaya ne ya yi yawa, na rage, abin bai canza zani ba.

Shi kuma dama ya ce akwai doka, wadda Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kare bayanan jama'a, har da hukumarta NDPC, dole duk mai karɓar bayanan mutane ya faɗa musu me yake karɓa kuma me zai yi da shi. To sai yaron nan ya je ya kwafo wani dogon Turanci daga wani shafi ya manna can ƙasa da ƙananan haruffa. Ni kaina ban karanta ba wallahi. Wanda ya fara karantawa mijin wata kwastoma ce, ya kira ni ya ce Hajiya su waye "abokan hulɗa" da kuka ce za ku iya ba su bayanan iyalina, kuma me ya haɗa turaren wuta da dokar Kalifoniya? Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, don ni abokin hulɗata ɗaya ne, mai babur ɗin da ke kai min saƙo.

Wata ce ta buɗe min ido da saƙon murya. Ta ce Anti ba kuɗin ba ne, ta taɓa yin oda a wani waje, bayan kwana biyu wanda ya kawo kayan ya fara turo mata "salam ya kike" cikin dare, ga shi ya san ƙofar gidanta, ita kuma matar aure ce, me za ta ce wa maigida? Ga kuma masu manhajojin bashin nan da suka riƙa kwashe lambobin wayar mutum suna tura wa danginsa saƙon cin mutunci har hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta far musu a 2022. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ai gudu zai yi.

Sai na zauna na rubuta da kaina, da Hausa, na ce a saka daidai saman inda ake rubuta lamba, ba can ƙasa ba. Na ce lambarki ni kaɗai zan gani kuma don tabbatar da oda ne. Mai kai kaya kwatance kawai zai samu, in ya iso ni zan kira ki. Ba ma ganin lambar katinki, kamfanin biyan kuɗi na Paystack ne ke karɓar kuɗin, kuma ba za mu taɓa tambayar BVN ko OTP ba. In kina so a goge bayananki ki faɗa a goge. Na kuma sa aka cire gurbin ranar haihuwa da imel, don ni dai ban san uban me zan yi da ranar haihuwar mai sayen humra ba.

Oda ta fara shigowa, ba wai ambaliya ba, amma na ga bambanci, musamman matan da ba su san ni ba, na Kaduna da Abuja. Ƙanina har da nuna min wani bincike na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka da aka buga a 2011, inda aka gano in an nuna wa masu saye alamar yadda shago ke kare sirrinsu a fili tun wajen bincike, suna yarda su biya ɗan ƙari su saya a can. Malaman jami'ar dai sun taɓa lissafa cewa in mutum zai karanta duk irin dogayen bayanan nan na shafukan da yake shiga, sai ya ci sama da awa 200 a shekara. Wa ke da wannan lokacin?

Amma fa mutane sai a hankali. Wadda ta tsare ni da tambayoyi kan lambarta, ita ce washegari ta turo min hoton katinta na ATM gaba da baya a WhatsApp wai in cire da kaina, sai da na yi mata faɗa na ce ta goge. Wasu kuma rubutun ne ma ya tuna musu da tsoron, suka ce su dai a bar su a tiransifa.

Inda na sha kunya ta biyu kuwa gab da ƙaramar sallah ne. Sabbin kaya sun zo, zumuɗi ya ɗebe ni na kwashi lambobin duk waɗanda suka taɓa oda na zuba su a guruf ɗaya, kowa na ganin lambar kowa. Ko minti goma ba a yi ba wata ta turo min hoton rubutuna na fom ɗin, ta ja jan layi a ƙarƙashin "ni kaɗai zan gani", ba ta ƙara ko kalma ba. Na rushe guruf ɗin, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, ita dai har yau ba ta sake saye ba. Yanzu akwai ɗan akwati a fom ɗin, wadda ke son a sanar da ita sabon kaya ta danna da hannunta, kuma kuɗin katin kiran da nake kashewa wajen haɗa mai babur da kwastoma na sa shi cikin lissafin kowane wata.