Ƙaramin ampili mai kwalba a filin biki: inda gwaji ya kai

'Yan'uwa masu koyon jita, zancen cikin ɗaki ya ƙare. A zaure, ampili mai kwalba (na'urar ƙara sautin jita mai aiki da kwalaben lantarki) na wat 5 ma sai maƙwabta sun aiko yaro a rage. Abin da ya rage shi ne fili: biki a bakin titi a Garwa ko Marwa, ga kalangu, ga gangunan zamani, ga mata na guɗa. Wat 15 zai iya?

Ku fara riƙe lissafin, don da lambar wat 'yan kasuwa ke ruɗa mai saye. Ninka wat sau biyu desibel (ma'aunin ƙara) 3 kacal yake ƙarawa, abin da kunne ke ji kaɗan. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Ke nan mai wat 50 bai fi mai wat 5 sau goma ba, kusan sau biyu ne. Tsakanin ampili Vox AC15 mai wat 15 da AC30 mai wat 30 kuwa, desibel 3 ne a takarda.

Lasifika ce ke yin rabin aikin, ita kuma ba a cika tambayar ta ba. Celestion Vintage 30 mai inci 12 tana ba da desibel 100 da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Ku ba ta wat 15, ku sami kusan 112. Ƙaramar lasifika mai inci 8, irin girman ta ampilin Fender Champ, a ce tana ba da 93, da wat 5 ba za ta wuce 100 ba. Wannan Champ ɗin, a jona shi da akwatin lasifika mai inci 12, sai ku rantse an canja ampili. Ku dai tabbata lambar om da ke rubuce a jikin lasifika ta dace da ta ampili.

To fili kuma ba ɗaki ba ne. Babu bango da zai dawo da sauti, don haka duk nisan da ya ninka, desibel 6 sun tafi. Waccan 112 ta koma 106 a mita biyu, 100 a mita huɗu, 94 a mita takwas. Su alhaji da ke kujerun baya, ganga kawai suke ji.

Amma matsalar da ta fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya ita ce tsabtar sauti. Ampili kamar Fender Blues Junior, wat 15 da kwalba EL84 guda biyu, idan aka murɗa shi ya wuce rabi sai ya fara gurnani. Masu kiɗan rok abin da suke biya kuɗi su samu ke nan. Mu kuwa yawancin kiɗanmu tsinke ne mai sauri a ƙananan tsirkiya, irin na makosa da sukus, wanda ake so kowane sauti ya fito daban. Da gurnani ya shiga, sai ya cakuɗe. Dabara ta farko, ku rage maɓallin bas zuwa 2 ko 3, ku ɗaga na sautin tsakiya, domin sautin ƙasa ne ke shanye ƙarfin ampili, kuma tsakiya ce ke ratsa ganga. Ta biyu, ku cire ƙaramar kwalba 12AX7 ta farko ku sa 12AY7. Ƙarfin haɓakawarta bai kai rabin na waccan ba, gurnani zai jinkirta a maɓalli, sai dai wat ko ɗaya ba ta ƙara muku ba. Kuma ku ɗauke ampili daga ƙasa. A kan kujera, an ɗan jingina shi baya yana kallon kanku, za ku ji kanku ba tare da ƙara wuta ba.

A ganina, wat 5 ba na fili ba ne sai da makirufo, wat 15 kuwa ya isa ƙaramin zaure shi kaɗai, ya kuma isa kowane biki idan akwai manyan lasifikun haya. Makirufo Shure SM57 ko makamancinsa, a sa shi yatsa biyu daga ragar gaba, daidai inda murfin tsakiyar lasifika ya haɗu da takardarta. Dab da tsakiya sauti na da kaifi, gefe kuma ya yi duhu. Daga nan aikin mai haɗa sauti ne.

Sai wuta, wadda ta fi kashe kwalabe a nan. Namu bolt 220 ne. Ampilin da ya zo daga Amurka na 120 ne, dole sai da tiransifoma mai saukewa, ku nemi ta wat 300 zuwa sama. Idan janareta ya yi rauni, ya faɗo 190, wutar kwalabe na raguwa, sai gurnani ya zo da wuri ku ɗauka ampili ne ya lalace. A sa mitar awon wuta a soket kafin a kunna, sannan na'urar daidaita wuta a tsakani. Kada ku jona kafin janareta ya zauna.

A watan Maris da Afrilu, zafin Garwa na wuce digiri 40. Ku bar tazarar kamu biyu tsakanin bayan ampili da bango, ku sa masa ƙaramar fanka, kada rana ta buge shi. Ƙurar hunturu a kakkaɓe ta da burushi mai laushi bayan ya huce. Kada a taɓa kunna shi ba lasifika a jone, tiransifomar fitarwa ce za ta ƙone, ita ce kuma mai tsada. Ciki kuwa a bar wa mai gyara, akwai bolt sama da 300 da ke iya saura ko an zare waya. In an tashi biki, ku ba shi minti goma ya huce kafin a ɗaure shi a bayan babur, kuma EL84 biyu 'yan tagwaye da fis na ajiya su zauna a jakar jita, an naɗe su cikin safa.