Dankalin da hunturu ya shanye

A cikin watanni shida da na yi ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar gwajin osmosis, wato yadda ruwa ke shiga ko fita daga ƙwayoyin halitta ta tantaninsu, da na shirya wa 'yan aji huɗu. Tsarin sananne ne: a yanka dankalin turawa tsayi ɗaya kauri ɗaya, a auna, a tsoma a ruwan sukari mai ƙarfin mola 0, 0.2, 0.4 har zuwa 1.0 (mola ma'aunin yawan sukarin da ke cikin ruwa ne, 0 ruwa zalla ke nan), bayan awa guda a tsame a sake aunawa. Wanda ke cikin ruwa zalla zai ƙara nauyi ya sandare, domin ruwa yana ratsa tantanin ƙwayar halitta zuwa ɓangaren da ya fi kauri, bangon ƙwayar kuma ya hana ta fashewa, na cikin ruwa mai kauri kuwa zai rame ya yi laushi. Wajen 0.3 nauyin ba ya wani sauyawa.

Shugaban sashe ne ya umarce ni in yanka dankalin tun da yamma, wai da safe ba zai zo da makullin ɗakin gwaji da wuri ba. Na yanka, na bar shi a faranti babu murfi ana tsakiyar hunturu, kuma wannan sakacin nawa ne. Kafin gari ya waye iska ta tsotse ruwansa, abin da ya rage a cikin ƙwayoyin ya yi kauri, har yankan da ke cikin 0.4 ya ƙara nauyi maimakon ya ragu. A gaban yara shugaban sashen ya ce ko ruwan sukari ban iya haɗawa ba. Na ce, "To, Malam," alhali shi ma ya san dalili.

Daga ranar nake yanka a lokacin gwaji, ina goge danshi kafin awo, ina lissafin sauyin nauyi bisa ɗari.

Mako na gaba na kawo jar albasa, na ɓare siririyar fatarta, na ɗiga ruwan gishiri. A ƙarƙashin maikiroskof yara suka ga jan launin yana tattarewa yana barin bangon ƙwayar, da aka ɗiga ruwa zalla kuma ya sake cikowa. Wata ɗaliba ta ce ashe shi ya sa tumatirin babanta yake yaushi idan takin yuriya ya yi yawa a gindinsa. Shugaban sashe bai leƙo ajin ba ranar.