Abin da Ƙubbar Frauenkirche Ta Koya Mini

A makon nan na kwashe littattafaina daga sashen nazarin gine-gine, bayan shekara biyu ina rubuta kundi a kan majami'ar Frauenkirche ta birnin Dresden a Jamus. Har yanzu ranar kare kundin ce ke yi mini yawo a rai.

A babi na uku na rubuta cewa bama-baman daren 13 ga Fabrairun 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ne suka rushe majami'ar. Gaban alƙalai huɗu, malamin da ke duba aikina ya tambaye ni ranar da ƙubbar ta faɗi, na maimaita abin da na rubuta, sai ya rufe kundin a hankali ya ce in koma ɗakin karatu. Gaskiyar ita ce ginin ya tsallake ruwan bama-baman, amma wuta ta shiga ta cinye kujeru da benayen katako, zafinta ya farfasa ginshiƙai takwas da ke ɗauke da ƙubbar dutse mai nauyin kusan tan 12,000, har ta rufta da safiyar 15 ga wata. Kuskuren ya wuce na kwanan wata, domin ya nuna ban fahimci ginin ba. George Bähr, maginin da ya fara aikin majami'ar a 1726, ya siranta ginshiƙan ne don kowa ya ga mai wa'azi ya kuma ji shi, yadda Kiristoci mabiya Martin Luther, jagoran Furotesta, ke so, kuma tun farko nauyin ya yi musu yawa.

Laifina ne, na karɓa. Sai dai malamin ya karanta babin sau biyu kafin ranar bai ce uffan ba, kuma wannan ban manta ba.

Wata shida na ƙara. Na riƙa zama a dandalin Neumarkt, inda majami'ar take, ina zana bangon, ina bin baƙaƙen tsofaffin duwatsun da aka tsamo daga baraguzai aka mayar cikin farare sababbi lokacin sake ginin, daga 1994 zuwa 2005. Na koyi duba asalin takarda kafin in yarda da abin da na ji, na kuma koyi ba mutum fiye da ɗaya rubutuna. Babin da na sake rubutawa a kan ginshiƙan shi ne yanzu ake ba sababbin ɗalibai su karanta.