Hoton yana cikin akwatinsa, amma ikon bayarwa yana wani gida

Duk wanda ke rubutu a Wikipedia ta Hausa ya san hoton da aka kwaso daga Google ko Facebook ba ya daɗewa a Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke ɗiba, tun ranar farko ake ja wa mutum kunne. Abin da ba wanda ya taɓa gaya mini shi ne, hoton da dattijo ya ciro daga akwatinsa ya miƙa maka hannu da hannu, fuskarsa ce a ciki, yana sa maka albarka, shi ma ana iya goge shi, kuma masu gogewar suna kan gaskiya. Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu.

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne tsofaffin ƴan kokowar Adar. A nan Tawa aka fara gasar takobi, wato kokowar ƙasa ta Nijar, a 1975, zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Amma shiga intanet ka nemi fuskokin mazan da suka shiga fage a waɗancan shekaru ka gani. Zakarun yau irin su Issaka Issaka na Doso hotunansu sun cika wayoyi, na jiya kuwa sai suna da kirari a bakin makaɗa. Muƙala a kan ɗan kokowa ba hoto, rabin aiki ce.

Aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi tashe a fagagen karkara. Ya sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya zaro wata ambulan da ta yi ja don tsufa. Hotuna ne baƙi da fari, gefensu mai yankan haƙori-haƙori. A ɗaya yana tsaye ba takalmi, layu sun rufe ƙirji, guru a ƙugu, bayansa labulen ɗakin hoto mai zanen bene da itacen dabino. Ya ce, "Ɗauka duka, ɗana, ka sa su inda duniya za ta gani. In na mutu ɗiyan nan yaga su za su yi."

Na ɗauke su da waya, na ɗora, na rubuta gaskiyar abin da na sani: daga hannun wanda ke cikin hoton suka fito, da yardarsa. Ba a jima ba sai ga jan gargaɗi a ƙarƙashin kowane ɗaya, cewa babu shaidar izini, in ba a kawo ba cikin kwana 7 za a goge. Na rubuta wa ɗan sa-kan da ya sa alamar da Faransanci, na ce izini kam akwai, in ana so in ɗauko muryar dattijon. Amsarsa tambaya ɗaya ce cikin ladabi: wa ya ɗauki hoton? Wa'adi ya cika, hotuna suka tafi.

Nan ne na fahimci inda gizo ke saƙa. Haƙƙin hoto na wanda ya riƙe kyamara ya danna ne. Wanda ke cikin hoton ba shi da shi, wanda ya biya kuɗin wanki ba shi da shi, wanda ya adana takardar shekara da shekaru ma haka, sai fa in akwai rubutacciyar yarjejeniya da ta miƙa masa. Kuma haƙƙin ba ya jiran rajista ko wata alama a jikin hoto, da an ɗauka ya tabbata, haka tsarin yarjejeniyar Berne ta 1886 yake, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallaka. In mai ɗaukar ya rasu, magadansa ne ke riƙe da shi, a ƙasashe da yawa har shekara 50 ko 70 bayan rasuwar. Commons kuma tana so hoto ya zama sakakke a ƙasar da aka ɗauke shi da kuma Amurka. Hoton shekarun 1980 da muke ce wa tsoho, a wannan lissafi ko kusa bai kai ba.

Komawa wurin dattijon ya fi gogewar ciwo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Jikina ne, layuna ne, kuɗina na biya. Wa ya fi ni iko da shi?" Na ce, "Baba, in ka sayi kaset ɗin makaɗinka, kaset ɗin naka ne, amma waƙar tana nan tasa." Ya yi shiru. Bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Wani abokin aiki ya ce in daina wahalar da kaina, in sake ɗorawa in zaɓi "aikina ne", tunda da wayata na ɗauka. Wannan shawara tana yawo sosai a tsakaninmu, kuma ita ce ke kashe mana suna. Ɗaukar hoton hoto ba ya haifar maka da sabon haƙƙi. Ta yaya ma zan ce ni na ɗauki abin da aka ɗauka ban san hagu da dama ba? Masu dubawa ba barci suke ba. Suna ganin bayanan da kyamara ke bari a cikin fayil, sun san hoton da ya bi ta WhatsApp an share masa waɗannan bayanai kuma sunansa na ɗauke da WA, sun san tabon da Facebook ke bari. In aka kama mutum da ƙarya ɗaya, sai a koma a tone duk abin da ya taɓa ɗorawa, har na halak ɗinsa ya shiga zargi.

Mafitar ashe tana bayan takarda. Da na juya hotunan, sai ga hatimi mai ruwan shuni a bayan wasu, ya dushe amma sunan ɗakin hoton yana karantuwa. Da tun ranar farko na juya su! Ɗakin ya daɗe da rufewa, wurin yanzu shagon cajin waya ne, mai ɗakin hoton kuma ya rasu. Da tambaya na kai ga babban ɗansa, kuma ashe kwalayen fim na mahaifinsa suna nan jibge a ɗaki.

Wannan zaman shi ne aikin gaske, don dole ka faɗa wa mutum abin da zai sa hannu a kai ba ɓoye-ɓoye. Na ce masa lasisin CC BY-SA 4.0 yana nufin kowa a duniya zai iya ɗaukar hoton, ya gyara, ya buga a littafi ko kalanda ko riga, har ya sayar, muddin ya ambaci sunan mahaifinku kuma ya saki nasa aikin a kan sharaɗi iri ɗaya. Kuma in an bayar an bayar, ba a janyewa. Ya ce, "Malam, a sa a Wikipedia na yarda, amma ban da sayarwa." Na ce ba a karɓar haka. Izinin da ya tsaya ga Wikipedia kaɗai, ko wanda ya hana kasuwanci, ko ya hana gyara, duk Commons ba ta ɗauka, domin an gina ta ne tun 2004 don kowa ya kwasa ya yi amfani, har mai buga littafin makaranta da zai sa masa farashi. Ya ce, "To mu mene ne ribarmu?" Na ce sunan tsohonku a ƙarƙashin aikinsa duk inda ya je, ban da wannan ba ko dala. Ya ce sai ya yi shawara da ƙannensa, kuma daidai ya yi, don gado ba na mutum ɗaya ba ne.

Suka yarda. Sauran kuwa aikin takarda ne: saƙon imel zuwa ga ƴan sa-kan da ke tantance izini, da sunan kowane fayil da sunan lasisin ƙarara. Abin kiyayewa, saƙon daga wurin magajin zai fito, ba ni zan tura a madadinsa ba. Aka ba mu lamba, muka jira layi ya zo kanmu, aka maido da masu hatimi. Ranar da na buɗe muƙalar na ga sunan marigayin a ƙarƙashin hoto, na kira ɗansa tun kafin in kira dattijon.

Amma wanda na fi so, na layu da labulen dabino, bayansa fari fat. Ba hatimi, ba rubutu, dattijon kuma bai tuna wa ya ɗauka ba, ya ce dai bayan wata kokowar kaka ce. A Commons in akwai shakka mai ƙarfi gogewa ake yi, "ba wanda zai yi ƙara" ba hujja ba ce a can. Wikipedia ta Turanci tana da ƴar ƙofa ta sa hoton da ba sakakke ba a shafin wanda ya rasu, bisa dokar Amurka, amma wannan a cikin gidanta ya tsaya, Commons ba ta san da shi ba. Ƙa'idar na yarda da ita, don mai hoton nan ma sana'arsa ce ya ci da iyalinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan tarihinmu da ke hannun masu ɗaukar hoto da ba su sa suna ba, kuma waɗanda za su iya cewa "wane ne ya ɗauka" suna ta ƙarewa.

Shi ya sa yanzu in aka miƙo mini tsohon hoto, bayansa nake fara dubawa, sannan in tambayi wa ya ɗauka, a wane gari, ɗiyansa suna ina, tun dattijon yana zaune gabana. Wanda ke raye kuma in nemi yardarsa in ɗauke shi da kaina, wannan kam ba mai tambayata takarda.

Labulen dabinon ya yi kama da na wasu hotuna masu hatimi, sai dai kama ba shaida ba ce, masu hoto da yawa sun yi amfani da irinsa. Fim ɗin asali shi ne shaida. Ɗan marigayin ya ba ni izinin bin kwalayen, ina zuwa in na samu sarari, muna ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Zafi da ƙura sun cinye da yawa, wasu sun manne da juna. In fim ɗin ya fito, saƙo ɗaya ya rage a tura.