Ranar da lasisin bindiga ya fi fasfo ɗina daraja a Austin

Taubashina da ke zaune a Houston ne ya matsa sai ya kai ni Austin kafin in dawo gida, wai ba zan ce na zo Tekzas ba in ban ga majalisar jihar ba. Bayan asuba muka ɗau hanya, tafiyar wajen awa uku ce, ba shingen 'yan sanda ba mai cewa a sauko a buɗe but, sai gonaki da shanu jibga-jibga waɗanda ko a kasuwar Wudil aka kai su sai an taru kallo. Mun tsaya Buc-ee's shan mai, wallahi gidan man nan ya fi wata tashar motar girma, na sayi gyaɗa mai siga na yi ta ci har muka shiga gari.

Tun daga titin Congress kake hango ginin, jan dutse ne mai ɗan haske kamar an shafa masa jar ƙasa, a 1888 aka gama shi, kuma mutanen Tekzas ba sa gajiya da gaya maka cewa ya fi ginin majalisar ƙasa da ke Washinton tsawo. Muna fakin sai na ga mutumin nawa ya ɗaga riga yana gyara wani abu a ƙugu. Nace kai meye wannan? Yace bindiga ce mana. Nace to ajiye ta a mota kar ka ja mana, ni baƙo ne biza ta wata biyu ta rage. Dariya kawai ya yi yace baƙauye, taho ka ga ikon Allah.

A bakin ƙofa layi biyu ne. Namu na talakawa, ka zuba waya da makulli da canji a cikin tire, jaka ta bi ta na'ura, kai kuma ka ratsa ƙofar nan mai ƙara. Ɗaya layin na masu lasisin ɗaukar bindiga ne, shi ya bi, ya miƙa kati jami'in ya duba a kwamfuta, shikenan ya wuce da abarsa a ƙugu ba wanda ya taɓa shi. Ni kuwa na'ura ta yi min kuka saboda na manta agogo a hannu, na koma na sake, ga yaran makaranta a bayana suna ta kallon hulata, shi kuma yana can ciki ya harɗe hannu yana min murmushin mugunta.

Da muka zauna ƙarƙashin ƙubbar nan inda aka jera hotunan tsofaffin gwamnoni ne ya ban labarin yadda aka yi. Da can ba na'urar bincike ma sam, sai a Janairun 2010 wani ya harba bindiga a matakalar kudu ta ginin, ba wanda ya ji rauni, shine aka kawo na'urorin a shekarar, amma aka ware wa masu lasisi hanyarsu tunda a cewarsu an riga an binciki tarihinsu an ɗau hoton yatsunsu. Abin dariyar, har masu zuwa kamun ƙafa wajen 'yan majalisa da 'yan jarida suka riƙa yin lasisin, ba don suna da bindiga ba, don kawai su huta da bin layi.

Nace to ai gidan gwamnati ne, nan ake zage-zage a kan doka, in rai ya ɓaci fa? Sai ya kawo min zancen garin Killeen na nan Tekzas, a 1991, inda wani ya kashe mutum 23 a gidan cin abinci, akwai wata mata Suzanna Hupp da ta bar bindigarta a mota saboda doka ta hana ta shiga da ita, aka kashe iyayenta duka biyu a wurin, daga baya ta zama 'yar majalisa a wannan ginin da muke zaune. A 1995 George Bush ƙarami yana gwamna ya sa hannu a dokar da ta ba mai lasisi damar ɗaukar bindiga a ɓoye a jiki, a 2016 aka yarda mai lasisi ya rataya ta a fili, 2021 kuma aka ce ko ba lasisi ma ɗan shekara 21 zai iya ɗauka. Na ji tausayin matar ƙwarai, amma ni dai hankalina bai kwanta ba, duk wanda na gani da kwat sai in kalli ƙugunsa.

Abin da ya fi ɗaure min kai, kotu ba a shiga da ita ko kana da lasisi, gine-ginen gwamnatin tarayya ma haka. Wato alƙali ya tsare kansa, ɗan majalisa kuma yace a shigo masa da ita har ofis. Shaguna ma suna da ikon hanawa, sai su manna allo mai lamba 30.06 da Turanci da Sifaniyanci, na ga ɗaya a ƙofar inda muka je cin abincin rana, dole gogan ya koma mota ya kulle ta a ɗan akwatin ƙarfe, ni kuma na riga shi shiga na zaɓi kujerar kusa da taga, kafin ya dawo har an kawo min shayi mai ƙanƙara, nace masa baƙauye sai yanzu?